Likita ya amsa: gaba da warewa tsakanin ƙananan yara

Wata uwa daga Jekadafari, Gombe: Likita, 'yata shekararta 5. Kullum da safe sai ta ce cikinta na ciwo, ta ƙi makaranta. Na gano ƙawayenta ne suka haɗa baki, suna ce mata "ba ma wasa da ke". Wannan zai kawo ciwon ciki?

Ƙwarai kuwa, Hajiya, kuma ba ƙarya take yi ba. Ƙaramin yaro bai iya faɗin damuwarsa ba, sai ta fito masa a jiki: ciwo a zagayen cibiya, ciwon kai, ƙin cin abinci, ko fitsarin kwance bayan ya daina. Amma ki fara duba ko akwai zazzaɓi, amai, gudawa, zafin fitsari, rama, ko ciwon da ke tashinta cikin dare. In akwai ko ɗaya, ki kai ta asibiti mafi kusa, ko sashen yara na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe. In babu, ki riƙa rubuta ranakun ciwon har mako 2. In Asabar da Lahadi lafiyarta ƙalau, Litinin ya dawo, to daga makaranta ne.

Kada ki ce mata "rabu da su", don a shekarunta ƙawayen nan su ne duniyarta. Ki tambaye ta da wa ta yi wasa yau, wa ya zauna kusa da ita. Ki ga malamarta a keɓe, ta sauya wurin zama, ta riƙa raba yaran rukuni-rukuni da kanta lokacin wasa. Ki gayyato yarinya ɗaya tak gida su yi wasa, domin in suka kai uku, sau da yawa biyu kan ware ɗaya. Kada ki hana ta makaranta, hakan ƙara tsoro yake. In wata guda ya wuce ba sauƙi, a ga likita.

Wani malamin Islamiyya daga Bolari: Ana cewa gaba da gulma halin mata ne, maza kuwa dambe. Haka ne?

Malam, maganar dambe gaskiya ce, ta gaba kuwa da gyara. A 1995 Nicki Crick da Jennifer Grotpeter sun binciki 'yan firamare a Amurka, suka ga 'yan mata sun fi cutarwa ta hanyar warewa da ɓata zumunci. Amma a 2008 Noel Card da abokan aikinsa suka haɗa bincike 148, suka ga maza sun fi duka nesa ba kusa ba, a wajen warewa kuwa bambancin kaɗan ne ƙwarai. Wato maza suna yin duka biyun. Yaron da ya ce "kai ba ka cikin ƙwallonmu, kowa kar ya ba shi" abu ɗaya yake yi da yarinyar da ta hana ƙawarta shiga gaɗa. Abin da ke damuna shi ne, in aka ce halin mata ne, sai a ƙyale yarinya ta saba, namijin da aka ware kuma ba wanda zai lura da shi.

Wani uba daga Tudun Wada: Ɗana mai shekara 4 yakan ce wa ɗan maƙwabcinmu "in ba ka ba ni ba, ba ni ba kai". In zane shi?

A'a, Alhaji. Duka da cizo sun fi yawa a shekara 2 zuwa 3, sai su ragu da buɗewar baki, bakin ya karɓi aikin. Yanzu a fili yake yi, in ya girma zai koyi yi a ɓoye, kuma bulala ɓoyewar take koya masa. Ka tsayar da shi nan take, ka ce maganar tana da zafi kamar mari, ka ba shi wadda zai faɗa a madadinta: "in ka gama ka ba ni". Sannan a duba cikin gida. In manya suna gaba da juna, ko ana ce masa kada ya shiga ɗakin wance, to a nan yake ɗauka.