Bitamin D da haihuwar namiji: wace kwalba zan saya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Shekara biyu ke nan da aurenmu, har yanzu Allah bai kawo rabo ba. Matata ta yi gwaje-gwaje, an ce lafiyarta ƙalau. Wani abokina ya ce ƙarancin bitamin D ne ke raunana maniyyi, ya nuna mini kwalba biyu: ɗaya mai tsada da aka rubuta wai ta ƙarin haihuwa ce ga maza, ɗaya mai araha ta bitamin D zalla. Wacce zan saya?

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah Ya kawo rabo mai albarka. Malam, kada ka sayi ko ɗaya tukuna. Mai ɗakinka ta sha gwaji, kai kuma ban ji ka ambaci naka ba, alhali a kusan rabin ma'auratan da haihuwa ta yi wa jinkiri akan tarar da matsala a ɓangaren namiji. Kuɗin nan ka fara kai su wajen gwajin maniyyi. Za a ce ka ƙaurace wa iyali na kwana 2 zuwa 7, sannan a duba yawan ƙwayoyin, da motsinsu, da siffarsu. A ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021, ana son a ga aƙalla miliyan 16 a kowace mililita, kashi 42 cikin 100 suna motsi. Idan sakamakon bai yi kyau ba akan sake, don zazzaɓi mai zafi kaɗai na iya rage ƙwayoyin na wani lokaci.

Maganar abokinka tana da tushe. An gano cewa maraina da ƙwayoyin maniyyi suna da gurbin da bitamin D ke kamawa, kuma bincike da dama sun nuna mazan da ke da ƙarancinsa ƙwayoyinsu ba su cika kuzari ba. Sai dai mai ƙiba da wanda ba ya fita rana su ma sukan rasa bitamin ɗin, ga shi kuma ƙiba da kanta tana taɓa haihuwa. To, waye mai laifin?

Likitocin asibitin Rigshospitalet da ke Denmak sun gwada abin kai tsaye, suka wallafa a 2018. Sun ɗauki maza sama da 300 masu matsalar haihuwa da ƙarancin bitamin D, suka raba su biyu. Rabi sun sha bitamin da kalsiyam na kwana 150, rabi sun sha ƙwayar da ba magani a cikinta. Bitamin ya hau a jinin rukunin farko, amma maniyyinsu bai fi na ɗaya rukunin inganci ba. An dai ga ƙarin haihuwa a cikin ƙaramin rukunin da ƙwayoyinsu suke da ƙaranci tun farko, abin da ya isa a ci gaba da bincike, bai isa a sayar maka da alkawari ba. Yana ɓata mini rai ƙwarai yadda ake cinikin damuwar mutane da irin waɗannan kwalabe.

Idan kana son sanin yawan bitamin D a jikinka, akwai gwajin jini da ake kira 25-OH. Ƙasa da 12 ng/ml ƙaranci ne na gaske, 20 zuwa sama ya wadatar wa yawancin mutane. In ka gaza, gyarawa na da amfani ko don ƙashinka, kuma mai arahar nan ta isa. Juya kwalbar ka duba an rubuta D3, ka ga adadin IU (ma'aunin yawan bitamin) a kowace ƙwaya da ranar lalacewa. Baligi na buƙatar 600 IU a rana. Ka sha bayan cin abinci, don maiƙo ne ke taimaka wa hanji ya tsotse shi. Ka kuma yi haƙuri, ƙwayar maniyyi tana ɗaukar kimanin kwana 74 kafin ta gama girma, don haka sai bayan wata uku ake sake awo.

TAMBAYA: Mijina yana shan bitamin D 50,000 IU kullum, yanzu kuma yana shirin sayen allurar testosteron (sinadarin mazantaka) don mu samu ciki. Hankalina bai kwanta ba.

AMSA: 'Yar'uwa, kina da gaskiya. Ƙwayar 50,000 likita kan rubuta ta sau ɗaya a mako, na ɗan lokaci, ga wanda gwaji ya nuna yana da ƙaranci. Iyakar da aka sa wa baligi mai sha da kansa 4,000 ce a rana. Bitamin D taruwa yake a jiki, kalsiyam ya yi yawa a jini, sai tashin zuciya, da ƙishirwa, da yawan fitsari, har ta kai ga tsakuwar ƙoda. Ya dakata yau, ya je a auna masa jini.

Allurar ta fi tayar mini da hankali. Idan testosteron ya shigo daga waje, ƙwaƙwalwa kan daina aika wa maraina saƙon aiki, ƙwayoyin su ragu, wani ma su ɗauke ƙaf, kuma dawowarsu kan ɗauki watanni bayan an daina. Ki lallaɓa shi cikin hikima ku je wajen likitan mafitsara tare, ku tafi da kwalbar a hannu.