Na maimaita gwajin da aka buga a mujalla, sakamakona ya saɓa da nasu

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina digiri na biyu a fannin ƙananan ƙwayoyin halitta a nan Birnin Kebbi. Na bi hanyar wata takarda da aka buga, wadda ta ce ruwan ganyen dogonyaro na kashe ƙwayar cuta ta Staphylococcus aureus sosai a farantin gwaji. Na yi ta maimaitawa, da'irar da nake samu, wato wurin da ƙwayar ta kasa tsirowa, ba ta kai rabin tasu ba, wani lokacin ma babu ita sam. Ranar kare aiki ta matso. Wani abokin karatu ya ce in kai wa mai SPSS (manhajar lissafin alƙaluma) na bakin get ya daidaita mini alƙaluman, tunda gaskiyar an riga an buga ta. Ko barci ba na iya yi. Ni ce na ɓata aikin?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata. Ki kwantar da hankalinki, kuma kada ƙafarki ta taka shagon nan.

Fara da farantin gwada hannu. Ki sa faifan maganin kashe ƙwayoyin cuta na gentamicin ko ciprofloxacin a kan ƙwayar ATCC 25923, wato nau'in Staphylococcus aureus da ake gwada inganci da shi. In da'irarsa ta faɗa cikin ma'aunin da aka sani, hannunki lafiya lau yake. In ba ta faɗa ba, duba kaurin agar ɗin Mueller-Hinton (abincin ƙwayar da ke cikin faranti) ko ya kai milimita 4, duba ko yawan ƙwayar ya yi daidai da ma'aunin 0.5 McFarland, sannan ki tambayi mai kula da ɗakin gwaji awa nawa inkubeta ta kwana babu wuta. Shi kansa ganyen, wanda aka tsinka da damina aka shanya a inuwa ba ɗaya yake da wanda ya sha ranar watan Afrilu ba. Ki kuma sake karanta takardar tasu: da me suka jiƙa ganyen, kuma sun gwada ruwan jiƙon shi kaɗai? Sau da yawa etanol ɗin da bai gama tashi ba ne ke kashe ƙwayar, ganye ya karɓi yabo.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki shi ne wannan magana ta "an riga an buga gaskiyar". Kullum sai na ji ta, daga bakin ɗalibai, har ma daga bakin manyan da ke zama a teburin jarrabawa. Buga takarda na nufin mutum biyu ko uku sun karanta rubutu ba su ga babban aibi ba. Ba su shiga ɗakin gwaji ba, ba su riƙe faranti ba. Wannan ma a mujallar kirki ke nan, balle waɗanda ke karɓar kuɗi ranar Litinin su buga kafin Juma'a.

A 2012 masu binciken kamfanin magunguna na Amgen sun bayyana cewa sun gwada maimaita manyan bincike 53 kan ciwon daji, 6 kacal suka tabbata. A 2015 wata tawaga ta maimaita bincike 100 na ilimin halayyar ɗan Adam, kusan kashi 36 cikin ɗari ne suka sake ba da sakamako mai ƙarfi. A 2016 mujallar Nature ta tambayi masu bincike 1,576, sama da kashi 70 cikin ɗari suka ce sun taɓa kasa maimaita gwajin wani. Yawancinsu a ɗakunan gwajin da wuta ba ta ƙiftawa suke aiki. To don me ke za ki fara da tuhumar kanki?

Yadda ɓarnar ke taruwa a fili yake. Wanda ya sami p ƙasa da 0.05, wato alƙalumin da ake ɗauka a matsayin sakamako mai ƙarfi, ya buga, wanda bai samu ba ya jefa aikinsa a durowa ko ya kai bakin get. Kwamitin ƙarin girma yana ƙirga takardu, ba ya tambayar ko wani ya taɓa maimaita ko ɗaya. Bayan shekara goma sai ki ga takardu ashirin duk bakinsu ɗaya, alhali rabinsu kwafar ta farko suka yi. Daga nan maganar ta fita jami'a ta hau rufin mota a kasuwar Jega ko ta Argungu, mai lasifika na cewa "masana sun tabbatar", uwa kuma ta bar maganin asibiti ta koma jiƙo, ƙurjin ɗanta na cin nama.

Ki tuna Maris 2020. Wani ƙaramin bincike a Marseille ta Faransa, mai mutum 36, ya sa duniya ta ruɗe da hydroxychloroquine a matsayin maganin korona, har aka kwantar da mutane a Legas saboda sun sha ɗan'uwansa kulorokwin fiye da kima. Gwajin RECOVERY na Birtaniya, mai majinyata sama da 4,000, bai ga wani amfani ba. Sai a Disamba 2024 aka janye takardar farko. Duk tsawon wannan lokaci, "bugaggiya" ce.

Saboda haka 'yata, alƙaluman da ke littafinki amana ce, kuma wanda ya canza su shaidar zur ya yi a kan lafiyar mutanen da bai taɓa gani ba. Ki ɗauki littafin, da hotunan farantai da ranakunsu, ki zauna da mai duba aikinki. Ki aika wa marubutan takardar imel ki nemi cikakkiyar hanyarsu da ɗanyen alƙalumansu. A babi na huɗu ki rubuta abin da kika gani, har da farantan da babu da'ira. In wani a tebur ya ce "babu bambanci, babu aiki", ki buɗe masa shafin gentamicin, ki roƙe shi cikin ladabi ya nuna miki inda hannunki ya kuskure.