Me ya sa rigar ruwa ke daina korar ruwa bayan wanki?

Tambaya: Na sayi rigar ruwa ta gwanjo a Jos, mai tambarin Gore-Tex. Da farko in ruwan sama ya sauka a kanta sai ya dunƙule ya gangare, kamar a kan ganyen gwaza. Na wanke ta sau biyu da sabulun gari, yanzu yadin jiƙewa yake yi sharkaf har ta yi nauyi. Ta lalace ke nan?

Amsa: Malam, da wuya a ce ta lalace. Irin wannan riga kariya biyu gare ta. Akwai wani siririn shafi a ciki wanda ke hana ruwa isa jikinka, shi wanki bai cika taɓa shi ba. Sai kuma sinadarin da aka shafa wa zaren waje a masana'anta, ana ce masa DWR. Shi ne mai dunƙule ruwan, kuma shi wankinka ya dama wa lissafi.

Aikin sabulu shi ne ya sa ruwa ya baje ya ratsa zare. To idan ɗauraya ba ta yi ba, ragowar sabulun kan bushe a kan sinadarin ya rufe shi, ruwa na sauka sai ya jawo shi ciki. Sabulun gari ya fi barin wannan ragowa, maganin laushin tufafi mai ƙamshi kuwa ya fi shi ɓarna. Abin da ke kankare sinadarin baki ɗaya shi ne dirza da burushi da murɗa wajen matsewa. Dubi kafaɗa, inda igiyar jaka ke gogawa: nan ne ke fara jiƙewa.

Kada wannan ya sa ka ƙi wanki. Gumi da maiƙon jiki da hayaƙin babur su ma toshe sinadarin suke yi, musamman a sababbin riguna. Tun da aka sa sinadarin PFOA cikin Yarjejeniyar Stockholm ta ƙasashen duniya kan sinadarai masu haɗari a 2019, kamfanoni na ta ƙaurace wa danginsa da ake yin DWR da su, waɗanda suka maye gurbinsu kuma ba su iya korar maiƙo sosai.

Ka sake wanke ta da ruwa mai ɗumi, kamar digiri 40, da sabulun ruwa ɗan kaɗan, ka ɗauraye sau biyu, ka shanya. Sannan ka ba ta ɗumi, don shi ke farfaɗo da sinadarin. Kamfanin Gore ya ce minti 20 a injin busar da kaya. In babu, ka shimfiɗa tawul a kai ka bi da dutsen guga mara zafi sosai, ban da tururi. Na gawayi dai ni ba zan yarda da shi ba.

Yayyafa ruwa ka gani. In bai dunƙule ba, sinadarin ya ƙare, sai ka nemi na fesawa irin Nikwax ko Grangers. Rigar ruwa ta leda kuwa, ko kusa kada dutsen guga ya taɓa ta, narkewa za ta yi.