Mai feshi ya zo ya tafi, kuɗin cizo na nan daram

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni uwargida ce a Malumfashi. Tun da ɗana ya dawo hutu daga makarantar kwana, kuɗin cizo suka mamaye mana ɗakuna biyu. Muka kira wani mai feshi da ke zagaya unguwa a kan babur, ya fesa, muka biya. Sati biyu ba su cika ba sai ga su sun dawo. Da maigida ya kira shi, sai ya ce zai kawo ƙwayar nan da ake sa wa wake a buhu, a rufe ɗaki da ita. Cutar mu ya yi ne? Kuma mu yarda da ƙwayar?

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Bari in fara da ƙwayar, don ita ta fi tayar mini da hankali. Kada ku yarda, ko kyauta ya kawo. Sunanta aluminiyam fosfaid, kuma don rumbu da sito aka yi ta. Da zarar ta sha danshi sai ta saki iskar guba mai suna fosfin, ta bi ta ƙarƙashin ƙofa da tsagar bango ta tarar da masu barci a ɗakin kusa. Ba ta da makari a asibiti, yara ƙanana kuma su ta fi yi wa illa. Duk mai feshin da ya kawo wannan shawara, ku sallame shi.

Dawowarsu kuwa ba lallai algus ya yi wa magani ba. Feshi manya yake kashewa, ƙwayayen da suka saka a ɗinkin katifa da mahaɗar katakon gado sukan tsira, su ƙyanƙyashe cikin kwana 6 zuwa 10. Laifinsa shi ne bai gaya muku aikin zuwa biyu ne ba, na biyun bayan kamar sati biyu. Ni ma na taɓa yin wannan asara a gidan haya lokacin ina sabuwar amarya. Sau uku ina biyan kuɗi, ashe suna can cikin ramukan ƙusa a bayan allon gado, wurin da ba wanda ya taɓa leƙawa.

Kafin ku ɗauki wani, ku je ofishin duba-gari a sakatariyar ƙaramar hukuma su nuna muku mai rajista. Idan ya zo, a ga kwalbar maganin da takardarta da lambar NAFDAC, ba fiya-fiya a gorar ruwa ba. Tun 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalaben maganin ƙwari na Sniper a kasuwa da shaguna, amma har gobe wasu da shi suke yi wa mutane feshi a ɗakin kwana. A yi cinikin zuwa biyu tun farko, a riƙe rabin kuɗin sai ya dawo. A fitar da abinci da kwanuka da randar ruwa, kuma ya faɗi awa nawa za a yi kafin yara su shiga.

Sauran aikin naki ne. Zannuwan gado da gidan sauro a jiƙa su a tafasasshen ruwa, a kwance gadon a kwarara wa mahaɗarsa ruwan zafi, katifa ta wuni a rana ana juya ta. Akwatin yaron nan kuma, idan ya dawo hutu na gaba, a tsakar gida za a zazzage shi kafin ya ga ƙofar ɗaki.