Ciwon ɗanka ba hujja ce ta fushin Allah ba

Ɗan'uwa daga Zuru, ka ce dawarka ta lalace bana, ga ƙaramin ɗanka kwance, har wata a majami'a ta ce maka hukuncin Allah ne. Kana tambaya yadda za ka kuɓuta. Sannu, Allah ya ba yaron lafiya.

Ita wannan baiwar Allah ta yi saurin yanke magana. A cikin Littafi Mai Tsarki, a Yohanna sura 9, almajirai sun tambayi Yesu ko zunubin wa ya sa aka haifi wani makaho, nasa ko na iyayensa. Ya ce ba na kowa ba ne.

Kuɓuta daga hukunci kuwa ta bangaskiya ce. Romawa 8:1 ta nuna babu sauran hukunci a kan waɗanda ke cikin Almasihu Yesu, Afisawa 2:8-9 kuma ta ce ceto kyauta ce, ba ladan aiki ba. Amma Yaƙub 2:17 ya kira bangaskiyar da ba aiki matacciya. Wato in ka san ka tauye mudu ranar kasuwa, ko ka ci iyakar gonar maƙwabci, ka tuba, ka mayar da haƙƙin, yadda Zakka mai karɓar haraji ya yi a Luka 19.

Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya ninka baikon da yake bayarwa a majami'a don tsoro, kamar mai biyan tara. Ka kuma guji masu karɓar kuɗi da sunan karya la'ana.

Ka zauna da fastonku ko dattijon ikilisiya kan abin da ke damun zuciyarka. Yaron kuma a kai shi asibiti yau, a duba jininsa, ana addu'a ana magani.