Kuɗin Jami'a da Rikicin Cikin Gida na Liberal Democrats: Cin Amana Ne ko Dole?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibin kimiyyar siyasa ne. A aji an ba mu misali da jam'iyyar Liberal Democrats ta Birtaniya, aka ce ta shiga gwamnatin haɗaka a 2010 ta ci amanar ɗalibai. Shin da gaske cin amana ne, ko dole ce ta sa? Kuma babu abin da suka tsinana wa ilimi a shekaru biyar ɗin?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Akwai dole a ciki, amma dolen ba ta wanke su ba.

A zaɓen Mayun 2010 babu jam'iyyar da ta samu kujeru 326 da ake buƙata don kafa gwamnati ita kaɗai. Sai David Cameron na Conservative ya haɗa kai da Nick Clegg, wanda jam'iyyarsa ke da kujeru 57, Clegg ya zama Mataimakin Firaminista. Kafin zaɓen kuwa, kundin manufofin jam'iyyar ya yi alkawarin soke kuɗin karatun jami'a sannu a hankali cikin shekaru shida. Bayan haka 'yan takararta, har da Clegg, suka sa hannu a takardar alkawari ta ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa cewa za su kaɗa ƙuri'ar ƙin duk wani ƙari. An ɗauke su hoto riƙe da takardar.

Nan ne gizo ke saƙa. Kundin jam'iyya abin ciniki ne, kowa ya san in an zauna teburin haɗaka sai an bar wani abu an karɓi wani. Sa hannun mutum da sunansa kuwa, wannan maganar mutunci ce. Abin da ya fi damuna shi ne shugabannin sun sa hannun alhali zuciyarsu ba ta tare da manufar. A wannan jam'iyya, a wancan lokacin, wakilan babban taro ke tsara manufa da ƙuri'arsu, shugaba ba ya yanke ta shi kaɗai. Tun 2009 Clegg ya nuna cewa baitulmali ba zai iya ɗaukar soke kuɗin ba, 'yan jam'iyya suka ƙi ji, aka tsaya a kan shekaru shida ɗin a matsayin sulhu. Tsagi biyu ne dama a gidan: masu ganin kasuwa da zaɓin mutum su ne gyara, irin su David Laws, da masu ganin ilimi nauyi ne a wuyan hukuma, irin su tsohon shugaba Charles Kennedy. Da aka zo ciniki da Conservative, shugabannin ba su sa kuɗin jami'a cikin abubuwan da ba za a taɓa ba. Abin da suka samo kawai shi ne damar ƙaurace wa ƙuri'a.

A Oktoban 2010 kwamitin Browne mai nazarin kuɗin jami'a, wanda gwamnatin jam'iyyar Labour ta kafa tun kafin zaɓe, ya ba da shawarar cire iyakar kuɗin da jami'o'i za su iya karɓa gaba ɗaya. Ma'aikatar da jami'o'i ke ƙarƙashinta kuwa tana hannun Vince Cable, ɗan jam'iyyar, don haka shi ya kawo ƙudurin ɗaga iyakar daga fam 3,290 zuwa 9,000 a shekara a Ingila. Ranar 9 ga Disamba, ɗalibai na zanga-zanga a ƙofar majalisa, aka amince da ƙuri'u 323 da 302. Jam'iyyar ta dare uku: 28 suka goyi baya, 21 suka ƙi, 8 ba su kaɗa ba. Cikin masu ƙin akwai tsofaffin shugabanninta biyu, Kennedy da Menzies Campbell.

Adalci ya sa in faɗi hujjar Cable, don tana da nauyi. A tsarin da ya kawo a wancan lokacin, ɗalibi ba ya biyan ko kwabo a lokacin karatu. Sai ya gama, albashinsa ya haura fam 21,000 a shekara (a da 15,000 ne), sannan a riƙa cire kashi 9 cikin ɗari na abin da ya haura, bayan shekara 30 a yafe saura. Mai ƙaramin albashi ya samu sauƙi a wata-wata. Sai dai mai zaɓe bai tsaya lissafi ba, hoton nan ya tuna. Ko haƙurin da Clegg ya ba da a Satumban 2012, na yin alkawarin ne, bai ce ya yi nadamar ƙarin ba.

Kashi na biyu na tambayarka: sun tsinana, kuma ina jin takaicin yadda ake mantawa. Su suka matsa aka fara, a 2011, bai wa kowace makarantar gwamnati a Ingila ƙarin kuɗi a kan duk yaron da ya fito daga gidan talaka. An fara da fam 430 kan kowane yaro, zuwa 2014 kasafin ya kai fam biliyan 2.5 a shekara. Daga Satumban 2014 kuma duk yaran ajujuwa uku na farkon firamare a makarantun gwamnati na Ingila suka fara cin abincin rana kyauta. A ganina wannan ya fi taɓa rayuwar talaka, domin yaron da aka bari a baya yana ɗan shekara bakwai da wuya ya kai ƙofar jami'a balle a yi maganar kuɗinta.

An kuma sha ja-in-ja kan makarantu masu cin gashin kansu na ministan ilimi na lokacin, Michael Gove, waɗanda iyaye ko ƙungiyoyi ke kafawa gwamnati ta biya, ba tare da ikon ƙananan hukumomi ba. Babban taron jam'iyyar a Liverpool, Satumban 2010, ya yi tir da su bayan da akasarin 'yan majalisarta sun riga sun goyi bayan dokar. Sai a 2013 Clegg ya fito fili ya ce dole su ɗauki malamai masu takardar koyarwa.

A zaɓen 2015 kujeru 57 suka koma 8. Cable da Laws sun faɗi, Kennedy ma da ya cika alkawarinsa guguwar SNP, jam'iyyar masu neman 'yancin Scotland, ta tafi da shi. Clegg ya sauka, jam'iyyar ta miƙa ragama ga Tim Farron, ɗaya daga cikin 21 ɗin nan.