Tsakanin motocin Lexus NX da RX: wacce ta fi dacewa da zirga-zirgar yau da kullum?

Ɗan'uwa, ka ce kuɗinka zai kai ga NX ko RX, kana da iyali da yara uku, kuma yawancin tafiyarka cikin gari ce.

NX ƙarama ce, ta fi sauƙin juyawa da samun wurin ajiyewa a cunkoso, kuma injinta mai silinda huɗu bai kai na RX mai silinda shida shan fetur ba. Sai dai kujerar bayanta ba ta da faɗi, yara uku za su takura a doguwar tafiya irin ta Kano zuwa Abuja. RX 350 da aka ƙera kafin samfurin 2023 tana da inji mai silinda shida, lita 3.5, wanda makanikanmu suka daɗe da saninsa, kuma kayan gyaransa ba su da wahalar samu. Saboda iyalinka, ni RX zan ba ka shawara.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne lissafa kuɗin saye kaɗai, a manta da taya, baƙin mai da fetur na kowane wata. Kafin ka biya, ka zaunar da iyalinka a ciki, sannan ƙwararren makanike ya sa mata kwamfuta, ya duba giya da ƙarƙashinta, musamman in ta hannu ce.